Ranar da Malama Ta Kafe a Yashi

Shekara ashirin da bakwai mijin Malama ya yi yana tuƙi a hamada, ita kuwa ko inda kwalta ta ƙare ba ta taɓa gani ba. Masu haƙar rijiya yake ɗauka, da ma'aikatan rigakafi, wani lokaci da baƙi masu yawon buɗe ido, ya tsallaka da su tuddan yashi a cikin wata farar mota mai jan tayoyi huɗu. Abokan aikinsa Ba-Kafewa suke ce masa, don sun ce ba a taɓa ganin an ɗaura wa motarsa igiya an ja ta ba. A gida kuwa Baban 'Yan Biyu ne. Shi kuma Malama yake kiranta, saboda 'yan aji uku take koyarwa a makarantar bayan layinsu.

Duk tafiya, in ya rataya jaka, sai ya ce, "Wannan karon aiki ne. In na dawo, ni da ke za mu je."

In ya dawo, fuska ta ƙone, leɓe ya tsage, sai ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalmi yana ba ta labari. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na wani ƙaton tudu da direbobi ke kira Tsohuwa, wai in yashi ya zame daga kanta sai ka ji tana gurnani har cikin haƙarƙarinka. Akwai wata bishiya ɗaya tal a kan hanyar zuwa can, inda suke tsayawa su dafa shayi. Malama ta san bishiyar nan kamar a tsakar gidanta take. Amma tafiya ba ta yiwu ba. Da farko 'yan biyu ƙanana ne, sai makaranta, sai jinyar mahaifiyarta, sai aka ce bari a aurar da yara tukuna. Yaran suka yi aure, kowace ta bi mijinta wani gari mai nisa, gida ya rage su biyu.

Wata safiya yana shan shayi, kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata huɗu ya fara takawa da sanda, yana jan ƙafar dama. Magana ma ta dawo, amma da kyar, kalma biyu, ya huta, kalma uku.

Dole ta sa Malama ta koyi tuƙi tana da shekara hamsin da uku, don kai shi asibiti motsa jiki duk Talata da Alhamis. Ƙanenta ne ya koya mata a wani filin ƙwallo. Bakanike ne, gemunsa ya yi furfura, amma har yau Auta take kiransa. A farar motar nan ta koya, don ita kaɗai suke da ita, kuma maigidan ya ƙi a sayar. Yana zama a gefenta, hannun dama a kan cinya kamar an ajiye masa shi, yana kallon titi ba ya cewa komai. Wannan shirun ya fi damunta fiye da ciwon. Mutumin da a da sai ta ce masa ya bar ta ta yi barci, yanzu sai ya wuni bai haɗa jimla uku ba.

Wata Alhamis suna dawowa, suka tarar tifa ta juye yashin gini a gefen hanya, ya malalo har tsakiyar titi. Malama ta shiga ciki ba ta lura ba, sitiyari ya fara rawa a hannunta. Ƙafarta ta nufi birki, sai ta ji muryarsa, sarai, kamar ta da:

"Kar ki taka birki. Riƙe ta a haka. Bar ta ta wuce."

Motar ta wuce. Ta waiwayo ta dube shi. Ya miƙe zaune, idonsa ya buɗe, hannun hagu ya kama gaban mota. Har suka isa gida yana waiwayen tarin yashin nan.

Da yamma tana yi masa tausa a ƙafa ta ce, "Baban 'Yan Biyu, hutun makaranta saura mako biyu. Zan kai ka."

"Ina?"

"Inda ka yi ta cewa za ka kai ni."

Ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "Mota ɗaya... ba ta shiga."

"Auta zai bi mu."

"Mai sifana?" Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. "Shi ko... kwata... kafewa yake a ciki."

Ranar ce ta fara jin ya yi zolaya tun da ya kwanta.

Mako biyun nan gidan ya canza. Kullum bayan la'asar sai ya sa ta ɗauko littafin da take shirya darasi, ya yi ta faɗa a hankali tana rubutawa. A rage iskar taya kafin a shiga. A shiga da sassafe, lokacin da yashi ke da sanyi da ƙarfi. Tudu a miƙe ake hawansa, a miƙe ake sauka, ba a juya mota a gefensa. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗage ƙafa nan take. In an tsaya, hancin mota ya dubi gangare. In abu ya lalace, ba a barin mota a tafi neman taimako da ƙafa. Auta ya kawo shebur, da igiya mai kauri, da famfon taya, da faranta biyu na ƙarfe masu ramuka da ake shimfiɗa wa taya. Suka cika jarka huɗu da ruwa. Maigidan ya sa aka ɗaura doguwar sanda a bayan motar da jan ƙyalle a samanta, don wanda ke ɗaya gefen tudu ya hango su. Ƙyallen daga tsohon ɗankwalin Malama aka yanka.

Suka tashi da asuba, Auta na bin su a wata a-kori-kura mai ƙarfi da ya aro. Gidaje suka ragu, gonaki suka ƙare, ciyawa ta koma tsilli-tsilli. Wajen ƙarfe bakwai da rabi kwalta ta ƙare a bakin wata rumfar kwano da babu kowa a cikinta. Can gaba, a ƙarshen ido, wani layi ruwan zuma ya kwanta tsakanin ƙasa da sama. Malama ta ji maigidan ya ja numfashi.

Sai ga hon a baya. Motar Auta ce ta tsaya, tururi na tashi daga hancinta. Ya buɗe, ya leƙa, ya dafe ƙeya.

"Yaya, tiyon lagireto ne ya fashe. Sai ta huce in yanke in ɗaure."

"Minti nawa?"

"Rabin awa."

Maigidan ya leƙo ta taga. "Rabin awar... bakanike... kwana ne."

"Mijin Yaya, kai dai zauna. Fasinja ba ya magana."

Rabin awa ya zama awa ɗaya, ya doshi biyu. Auta ya ɗaure nan, can ya tsage. Rana ta ɗaga, inuwar rumfar ta fara tsukewa. Malama ta ba maigidan shayi da burodi, ya karɓa ya riƙe bai ci ba. Idonsa na kan layin nan. Ta ga yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan cinya kamar mai canza giya.

"Malama," ya ce. "Mu je."

"Kai ka ce mota ɗaya ba ta shiga. Ga shi nan na rubuta."

"Tudun farko... kawai."

Ta san ba daidai ba ne. Amma ta dubi fuskarsa, ta kasa cewa a'a. Auta ya goge hannu da tsumma, ya ce kada su bar hanyar da za su bar sawu, da zarar ya gama zai bi sawun tayarsu, kuma kada su yi nisa. Ta ce to.

Inda ƙasa ta fara laushi ya sa ta tsaya. Ta durƙusa gaban kowace taya, ta danna bawul da kan makulli, iska na fita tana huci. Yana kallo ta madubi.

"Ƙara. Sai ta yi... tumbi."

"Irin na Auta?"

"Bai kai... nan ba."

Ta koma ciki. Ya ɗora hannun hagu a kan ƙaramar giya, ya tura ta da kansa, sannan ya bar hannun a wurin. Suka shiga.

Ba ta taɓa jin mota haka ba. Ba ƙara, ba girgiza, kamar ana tafiya a kan katifa. Sitiyari ya yi laushi, motar na ɗan lilo. Tudun farko ƙarami ne, ta hau shi, suka gangara ta ɗaya gefen kamar an zuba su. Ta saki wata ƙara irin ta 'yan ajinta in an tashi tara. Shi kuwa sai faɗa yake, "Giya ta biyu. Haka. Kar ki saki. Miƙe." Kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Ba wanda ya tuna da maganar tudun farko kawai. Suka haye na biyu.

Na ukun ya fi su tsayi. Ta ɗauko gudu daga ƙasa kamar yadda ya ce, motar ta hau tana nishi. Suna dab da kai, sai ƙasa ta ɓace mata. Ba ta ganin komai ta gilashi sai hancin mota da sararin sama. Ta ga kamar rami ne a gaba, ta take birki da ƙarfi. Motar ta dafe. Cikin ruɗewa ta koma kan totur ta danna har ƙasa. Tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa yashi sama.

A gefenta maigidan ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, amma kalmar ta ƙi fitowa. "Sa... sa..." Ya daki gaban motar da tafin hannu sau uku kafin ta gane ta ɗage ƙafa. Ta kashe injin.

Shiru ya rufe su, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta buɗe ƙofa, ta ga ƙasan ƙofar na gogar yashi. Motar ta nutse har ciki.

Ya juya fuska wajen taga. Kafaɗarsa na rawa. Ta san ba kafewar ce ta ci masa rai ba, kalma ɗaya ce, "saki", da ya faɗa wa direbobi sau dubu, yau ta maƙale masa a maƙogwaro lokacin da ake bukatarta. Ta zuba ruwa a murfin jarka ta miƙa masa, bai karɓa ba.

Sai ta ce, "To, Ba-Kafewa. Yau dai ka kafe."

Sannan ya juyo, ido jajir. "Ke... kika kafe. Ni... fasinja ne."

Dariya ta ƙwace mata, shi ma ta kama shi, irin dariyarsa ta yanzu mai fita ta gefe ɗaya. Suka yi ta yi har ta share hawaye da bakin mayafi. Da ya lafa, ya karɓi ruwan ya sha, ya ce, "In faɗa miki... gaskiya? Na kafe... ya fi... sau ɗari."

"Kai? To sunan fa?"

"Kafin su iso... na haƙa... na fita."

"Shekara ashirin da bakwai ba ka taɓa faɗa min ba!"

"Da kin... hana ni... tafiya."

Ta buɗe baki za ta musa, ta fasa, don gaskiya ya faɗa.

Ya sa ta sha ruwa kafin ta taɓa shebur. Ya ce ba gaba za su yi ba, baya za su koma, gangare ya taimake su. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta fara haƙa a bayan tayoyi. Yashi mugun abu ne, ka kwashe shebur biyu, ɗaya ya dawo. Yana ƙona ta ta cikin takalmi. Ta haƙa bayan tayoyi huɗun, ta kwanta rub da ciki ta kwashe wanda ya tokare cikin motar, da hannu, da murfin kular abinci. Duk minti goma sai ya buga ƙofa da sanda, alamar ta shigo inuwa ta sha ruwa. Tafin hannunta ya yi ƙulu, bayanta ya riƙe. Ta tuna da shi yana dawowa da leɓe a tsage, tana yi masa mitar ya tafi yawo ya bar ta da yara.

Ta cusa farantan ƙarfe a bayan tayoyin baya, ta ƙara rage iska, ta shiga ta sa ribas. Motar ta motsa taku ɗaya ta sake zama. Wannan karon tun kafin ya yi magana ta ɗage ƙafa. Ya gyaɗa kai. Ta sake fita, ta sake haƙa, ta gyara farantan. A karo na biyu ya ɗora hannunsa a kan gwiwarta, yana dannawa a hankali, tana bin nauyin hannun da totur. Tayoyi suka kama ƙarfe, motar ta yi wani nishi, ta ɗago, ta silalo baya a miƙe har gindin tudu inda ƙasa ke da ƙarfi.

Malama ta kifa goshi a kan sitiyari. Da ta ɗago ta ce, "Yanzu na gane. Wannan karon zan haye."

Ya dubi rana, ya dubi yashin. Ya girgiza kai. "Rana ta take. Ya zama... gari. Ba ya ɗaukar... mota."

"Tsohuwa fa?"

"Awa biyu... daga nan."

Ya ɗaga kai yana kallon sawun da suka bari a jikin tudun, wanda ya tsaya saura kaɗan ya kai sama.

"Hau," ya ce. "Da ƙafa. Ki gano min."

Ta ɗauki gorar ruwa ta hau. Taku uku gaba, ɗaya baya. Ta wuce ramin da ta haƙa, ta ƙarasa da rarrafe. Da ta miƙe a kan tudun, sai ta leƙa ɗaya gefen. Ba rami ba ne a gaba, gangare ne mai laushi, da ta bar motar da sun sauka lafiya. Bayansa kuma tuddai ne, tudu bayan tudu, kowane da kaifin baya kamar an yanka shi da wuƙa, wani ja, wani ruwan zuma, wani fari fat, har inda ido ya gaji. Iska na ɗebe yashi daga kawunansu kamar hayaƙi siriri. Babu gida, babu waya, babu sawun kowa. Ta tsaya tana kallo, tana jin haushin shekarun da suka wuce, tana kuma jin tausayinsa, mutumin da ya saba da wannan faɗin aka mayar da shi tsakanin gado da taga. Ta so a ce yana tsaye a nan yana nuna mata da yatsa, yana surutun nan nasa da ba ya ƙarewa. Ta waiwaya ƙasa. Motar ta zama ƙarama, jan ƙyallen na kaɗawa, ga hularsa ta taga.

Ta sauko ta zauna a bakin ƙofarsa tana haki.

"Me... kika gani?"

Ta faɗa masa, dalla-dalla, kamar yadda take yi wa 'yan aji. Ya lumshe ido yana saurare.

"Hannun dama," ya ce. "Can nesa. Bishiya."

Ta duba wajen sosai tun tana sama, don ita ma ta neme ta. Ta ga yadda ya riƙe numfashi yana jira, har ƙarya ta zo mata baki. Amma shi bai saba ta yi masa ƙarya ba, ko a asibiti.

"Ban gan ta ba, Baban 'Yan Biyu. Na duba, babu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Tuddai... tafiya suke. Sun... cinye ta." Ya tura ƙofa. "Sauke ni."

Ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa, ta sauko da shi ta gefen da motar ta yi 'yar inuwa. Ya ce ta cire masa takalma. Ta cire, ta ajiye ƙafafunsa biyu a kan yashi. Ya nutsa yatsun ƙafar hagu a ciki, ya juya su, ya sake nutsawa.

"Wannan... tana ji," ya ce. Ya dubi ta daman. "Wannan... ba ta san... mun zo ba."

Malama ta durƙusa, ta ɗebi yashi mai ɗumi da hannu biyu ta zuba a kan ƙafar daman, ta sake ɗiba ta zuba, har ta rufe ta zuwa idon sawu. Bai ce ta bari ba. Suka zauna a haka, ya jingina da motar, ta jingina da shi.

A nan Auta ya same su, motarsa na ɗigar da ruwa, rigarsa baƙi ƙirin da mai. Ya fito ya dubi ramin da ke jikin tudu, ya dubi hannun yayarsa, ya riƙe baki.

"Yaya! Ke kika haƙa wannan? Mijin Yaya, ashe har da kai ake kafewa?"

"Wa... ka gani... a kafe?" in ji maigidan.

Auta ya duba, motar na tsaye a kan ƙafafunta. Sai ya hau tudu ya kwaso farantan.

A bakin rumfar kwano suka tsaya Auta ya mayar wa tayoyi iska, yana famfo yana mita. Ya ce shi dai ya ga hamada, ta ishe shi, kada a sake neman sa. Malama ta ce hutu na gaba saura wata uku, kuma a ranar shi zai fara kwana a gareji ya duba tiyonsa. Gajiya ta sauko wa maigidan, fuskarsa ta faɗa. Ta dube shi, ta ji a ranta ba lallai jikin nan ya sake ɗaukar irin wannan tafiya ba. Ta ga alamar shi ma ya sani.

Da suka hau kwalta ya ce, "Malama. Madubin nan... juya min."

Ta tsaya, ta zagaya, ta karkata madubin gefensa har ya ɗaga hannu alamar ya yi. Ta dawo ta ja motar. Ya kafe ido a madubin, inda layin tuddan ke kwance yana ƙanƙancewa. Ta bar motar a giya ta biyu. Auta ya yi ta danna hon a baya, ya gaji ya wuce su yana ɗaga hannu yana tambayar lafiya. Ta yi masa alamar ya je. Ba ta ƙara gudu ba sai da maigidan ya ɗauke ido daga madubin da kansa, ya jingina kai, ya ce mata, "To. Mu je gida."